Bambar da Auta Ya Sayo

Guduma bai gama zuge ƙofar gareji ba ya ji rurin motar ƙaninsa daga kwanar layi. Bai ko ɗaga kai ba. Shekara ashirin da shida yana jin wannan rurin, kuma a iya saninsa bai taɓa zuwa da sassafe haka ya kawo masa hutu ba.

Sunan Guduma abokan aiki ne suka laƙaba masa tun yana saurayi, saboda duk irin lotsewar da mota ta yi, in ya zauna mata da guduma sai ka rantse ba ta taɓa gogar ko keke ba. Gyaran jikin mota shi ne sana'arsa, kuma a cikinta ya tsufa. Yanzu shekararsa sittin da uku. Ƙanin nasa kuwa yana da hamsin da ɗaya, furfura ta fara cin gemunsa, amma har yau Auta ake ce masa, shi ma bai taɓa nuna sunan ya ishe shi ba.

Motar ta shigo ta tsaya a bakin ramin da ake shiga ƙarƙashin mota. Ja ce, mai ƙofa biyu da kujera biyu, irin wadda aka ƙera don gudu, ga ta a ƙasa-ƙasa har sai mutum ya durƙusa kafin ya shiga. Auta ya saye ta ta hannu a shekarar da ya fara aiki a wani kamfanin inshora. Yana da ita ya yi aure, yana da ita ya haifi 'ya'ya huɗu, duk da ba ta iya ɗaukar ko rabinsu. Wata bakwai da suka wuce kamfanin ya rage ma'aikata, sunansa na ciki. A saman motar yau an ɗaure wani dogon abu da igiya, an naɗe shi da kwali da leda.

"Yaya, ina kwana."

"Lafiya lau. Me ka ɗoro mata kuma?"

Auta ya fito yana murmushi irin na wanda ya riga ya gama shawara shi kaɗai. Ya kwance igiyar, ya yage kwalin. Bamba ce sabuwa ta gaban mota, ta roba, baƙa wuluk ba a yi mata fenti ba, ƙatuwa mai faɗin baki da kumatu. Ta ƙirar da ta biyo bayan motarsa ce da shekara takwas.

"Sayar da ita zan yi, Yaya," in ji Auta. "Na yi magana da dillali. Ya ce matsalarta ɗaya, fuskarta ta tsufa. In aka sa mata wannan, duk wanda ya gan ta zai ɗauka ta baya-bayan nan ce."

Guduma ya dubi bambar da ke jikin motar. Ta ƙarfe ce, siririya mai ƙyalli, ta lotse a gefen dama inda Auta ya taɓa gogar ginshiƙin ƙofar gida, ga ɗigon tsatsa nan da can. Ya shafa lotsewar da babban yatsa.

"Wannan in ka bar min ita, kafin azahar na miƙar da ita."

"Ba miƙarwa take buƙata ba, canji take buƙata. Na gani a waya, wani mutum ya sa irinta cikin minti goma sha biyu. Noti huɗu ne kawai."

"A irin motarka ya sa?"

"Kusan irinta."

Guduma ya ɗauko tef ɗin awo daga aljihun rigar aiki, ya durƙusa a hankali, gwiwa ɗaya sannan ɗayar. Ya auna tsakanin ƙarafa biyun da suka fito daga gaban motar suna riƙe da bamba, waɗanda shi yake kira kunnuwa. Ya auna ramukan da ke bayan sabuwar. Ta fi faɗi da yatsa uku. Ya auna wurin fitilu: na motar zagayayyu ne, sabuwar bambar kuwa an yanke ta ne don dogayen fitilu masu kama da idon mage. Leɓenta na ƙasa ya sauko har zai tare iskar da ke shiga lagireto.

Ya faɗa wa Auta duk wannan, ɗaya bayan ɗaya. Auta yana ta gyaɗa kai, amma idonsa na kan waya.

"Amma dai za ka iya," in ji shi da ya ji Yayan ya yi shiru.

"Sai na yanke kunnuwan nan. In na yanke kuwa babu komawa."

"Wa zai koma? Yanke kawai."

Abin da ya kamata Guduma ya ce ya san shi. Amma tun Auta na da shekara shida mahaifinsu ya rasu, tun daga nan duk abin da ya karye a hannun Auta wurin Yaya yake kawo shi. Keken da ya kai wa bango. Takardar jarabawar da ya ɓatar. Rigimarsa da maigidan haya. Har yajin da matar Auta ta taɓa yi, Guduma ne ya ajiye aiki ya je ya zauna gaban surukai ya sha faɗan da ba nasa ba. Bakinsa bai saba da ce wa yaron nan a'a ba, kuma ga shi yaron ya yi furfura.

"Bar makullin," ya ce.

Ranar farko ta tafi a kan cire tsohuwar bambar kawai. Notunan sun shekara talatin da wani abu ba wanda ya taɓa su, tsatsa ta haɗe su da ƙarfen sun zama abu ɗaya. Ya zuba musu mai ya jira, ya gasa su da wuta, ya sa wa sufana bututu don ya ƙara mata tsawo. Uku suka kwance suna kuka. Na huɗun ya ƙi, da ya matsa masa sai ya karye a ciki, hannun Guduma ya tafi da ƙarfi, wani zafi ya tsarga masa daga kafaɗar dama har cikin kunne. Ya zauna a ƙasa ya jingina da tayar motar, ya rufe ido yana jiran abin ya lafa.

Kafaɗar ba yau ta fara ba. Wata takwas ke nan hannun ba ya ɗaguwa sama da ƙirji. Ya koyi yin abubuwa da hagu, ya koyi tsayawa a kan benci don kada ya miƙa hannu sama, ya kuma koyi yin shiru.

Mai Fenti, maƙwabcinsa da katangar kwano kawai ta raba su, ya leƙo da kofin shayi a hannu. Sa'annin juna ne, sun fi shekara ashirin suna aiki gefe da gefe. Ya dubi sabuwar bambar a jingine da bango, ya dubi motar da gabanta ya zama wayam.

"Wannan ai hular wani ce za ka sa wa kan wani."

"Na faɗa masa."

"Ya ji?"

"Ka taɓa ganin ya ji?"

Mai Fenti ya miƙa masa shayin. Da ya fita, Guduma ya ɗauki tsohuwar bambar ya goge ta da tsumma, ya tura ta ƙarƙashin teburin aiki can ciki, ya rufe ta da buhu. Ya san ƙaninsa.

Da yamma a gida matarsa ce ta cire masa riga, kamar yadda ta saba tun da kafaɗar ta tsananta. Ta zare hannun hagu, ta zagayo da rigar ta kansa, sannan ta sulluɓe ta daga na daman a hankali. Ta ɗebo man zafi ta fara murzawa.

"Ka ce min ka daina karɓar babban aiki," in ji ta.

"Na daina."

"To wannan kumburin fa? Daga zama ya zo?"

"Motar Auta ce."

Hannunta ya tsaya. Ita da Auta akwai wasa tsakaninsu, in ya zo gidan har tsokanarta yake yi yana buɗe mata tukwane, kuma tana ƙaunarsa. Amma yau ba ta yi dariya ba.

"Ya san halin da hannun nan yake ciki?"

"Yana da abin da ya dame shi. Wata bakwai ba aiki."

"Ban tambaye ka abin da ya dame shi ba."

Guduma ya juya fuska wajen taga. Ta ci gaba da murzawa, ta ɗan fi ɗazu dannawa.

Washegari kafin ya kunna injin yankan ƙarfe sai da ya sake kiran Auta a waya. Ya ce masa ga shi tsaye da injin a hannu, in akwai wata shawara yanzu ne lokacinta. Auta ya ce yana layi a wani ofis zai miƙa takardun neman aiki, Yaya ya yi duk abin da ya ga ya dace. Guduma ya ce abin da ya ga ya dace shi ne kada a yanka. Auta ya yi dariya ya ce Yaya ke nan, sannan ya ce an kira lambarsa.

Yankan bai kai minti biyar ba. Kunnuwan biyu suka faɗo ƙasa ɗaya bayan ɗaya, bakinsu ja da zafi. Ya sa ƙafa ya ture su gefe.

Daga nan aikin ya koma ɗagawa da saukewa. Bambar ba ta da nauyi sosai, amma tana da faɗi, mutum ɗaya ba ya iya riƙe ta daidai ya kuma duba. Sai ya jera bulo da katako ya ɗora ta, ya ja da baya ya duba, ya sa alli, ya sauke, ya yanke kaɗan daga robar, ya sake ɗorawa. In gefen hagu ya zauna sai na dama ya buɗe baki. In ya rufe na daman sai tsakiya ta tokare murfin injin. Sau biyu Mai Fenti ya bar aikinsa ya zo ya riƙe masa. A na ukun Guduma ya ji nauyin sake kiransa, ya tallafe ta da gwiwa da goshi.

Wajen la'asar Auta ya iso cikin riga mai guga. Ya zagaya motar, hannuwansa a baya.

"Na ɗauka zan tarar an gama."

"Riƙe min nan."

Auta ya riƙe da yatsu biyu, yana kare rigarsa daga ƙura. Wayarsa ta yi ƙara, ya saki ya ɗauka. Bambar ta zame ta bugi Guduma a gwiwar hannu. Auta ya ɗaga masa hannu alamar haƙuri, ya fita waje yana magana, muryarsa ta koma ta ladabi: "E, ranka ya daɗe, na kawo su da safe. A'a, ba a ce min komai ba tukuna. To. To, na gode." Da ya dawo fuskarsa ta faɗa. Ya tsaya yana kallon ƙasa kamar ya manta abin da ya kawo shi. Guduma ya ga haka, faɗan da ya shirya ya koma ciki.

"Je ka gida," ya ce. "Zan kira ka."

A rana ta uku ya gane sababbin kunnuwa kaɗai ba za su isa ba. Robar tana da laushi, tana buƙatar ƙarfe a bayanta daga wannan gefe zuwa wancan, mai lanƙwasa daidai da gaban motar, in ba haka ba da an shiga rami biyu za ta fara rawa. Ya bincike tarin ƙarafan da ke bayan gareji, bai samu ba. Ya je kasuwar kayan mota ya yi yawo har ƙafafunsa suka yi nauyi. Wanda ya samu ya yi kauri, wani ya yi siriri, wani kuma miƙaƙƙe ne, lanƙwasa shi sai da dukan yini guda, dukan da hannunsa ba zai iya ba. Ya dawo ya zauna a kan benci. Daga inda yake yana hango gefen buhun nan a ƙarƙashin tebur.

Babu ƙarfen da ya san lanƙwasar gaban motar nan kamar wanda ya shekara talatin a wurin.

Ya daɗe yana zaune kafin ya kira Auta.

"Tsohuwar bambarka tana nan na ajiye. In na yanka ta zan samu abin da nake nema. Amma in na yanka, ta tafi ke nan."

"Au, ba ka jefar ba? Me zan yi da ita, Yaya? Yanka abinka."

Ya jawo ta ya ɗaure a kan tebur. Ko a lotse tana da kyau. Ya ga fuskarsa a jikinta, doguwa a karkace. Ya datse gefe da gefe, ya tsaga ta a tsawonta, ya huda ramuka shida. Da ya kara ta a gaban motar sai ta zauna ɗas, ba ta nemi ko bugu ɗaya ba. Ya yi walda, ya ɗora robar a kai, ya ɗaure. A karon farko bambar ta tsaya da kanta ba bulo ba katako.

Kwana biyun da suka biyo baya na cike gurbi ne. Ya yanko roba daga leɓen ƙasa don iska ta samu hanya, ya yi amfani da ita ya toshe kusurwoyin da zagayayyun fitilun suka bari. Ya shafa fila, ƙullun da ake cike gurbi da shi, ya jira ta bushe, ya goge da samfefa, ya sake shafawa. Gugar da hannun hagu yake yi, shi ya sa take cin lokaci. Farar ƙura ta cika masa gira da hanci, in ya koma gida matarsa ba ta ƙara cewa komai, sai dai ta ajiye masa ruwan zafi ta fita.

Mai Fenti ma ya sha nasa. Jan motar ba jan gwangwani ba ne kuma, rana ta cinye shi ya koma wani launi tsakanin ja da ruwan ƙasa. Sau biyar yana haɗawa yana gwadawa a kan guntun kwano, yana kai shi rana yana karawa da ƙofar motar.

"Tsufa nake haɗa mata," in ji shi. "Ka sa mata sabon abu, ni kuma ina tsofar da shi. Mu biyun nan ba mu da aikin yi."

Ranar da aka gama, Guduma ya tura motar waje ya tsaya daga nesa. Aikin ya yi kyau, wannan ko maƙiyinsa ba zai musa ba. Tazarar da ke tsakanin bamba da jikin motar daidai take hagu da dama, ko takarda ka zura za ta shiga iri ɗaya. Amma motar ta zama wata aba daban. Daga gilashi zuwa baya siririya ce mai tsohon yayi, daga gaba kuwa ta yi kumatu kamar wadda ƙudan zuma ya harba.

Auta da ya zo sai da ya zagaya ta sau uku, ya ɗauki hotuna, ya ce Yaya ba shi da na biyu a garin nan. Ya ce dillali ya samo mai saye, wata likitar haƙori ce, da jin irin motar ta ce a kawo mata kwatancen wurin, gobe Asabar za ta zo da kanta.

Ta zo da hantsi, ita ta tuƙo kanta. Dattijuwa ce gajeruwa mai tabarau, da takalmi marar tsini. Ta gaishe su a natse, ta ce da irin wannan motar kawunta ya koya mata tuƙi, ta shekara huɗu tana neman mai lafiya ba ta samu ba. Ta baya ta fara duba motar. Ta shafa fitilun baya, ta buɗe ƙofa ta sunkuya ta shaƙi warin kujerun, ta yi murmushi. Ta zauna ta riƙe sitiyari, ta taɓa maɓallan rediyo. Auta ya dubi Yayansa ya ɗaga gira.

Sannan ta fito ta zagayo gaba, ta tsaya. Ta cire tabarau ta goge ta mayar.

"Wa ya sa mata haƙoran roba?"

Auta ya yi 'yar dariya. "Gyara ne, Likita. Ta sabuwar ƙira ce, jiya-jiyan nan aka gama."

Ta durƙusa ta leƙa ƙasa, ta bi tazarar da yatsa daga wannan gefe zuwa wancan. Ta ɗago ta dubi Guduma da farar ƙurar da har yanzu ke maƙale a gefen farcensa.

"Kai ka yi, Baba?"

"Ni ne."

"Hannunka na da kyau. Na san aikin cike gurbi, shi nake yi kullum." Ta miƙe tana kaɗe gwiwa. "Amma ni waccan fuskar nake nema. Ina ta asalin? Ko ta lotse ba komai, in za a mayar ina so."

Auta ya juyo da sauri. "Tana nan ai. Yaya, ka ce ka ajiye ta."

"Na ce maka zan yanka. Ka ce in yanka."

"Duka?"

"Tana bayan wannan, ita ke riƙe da ita. Sauran guntayen suna cikin kwandon can."

Likitar ta je ta leƙa kwandon. Ta ɗauko wani guntu mai ƙyalli kamar tsawon tafin hannu, ta juya shi, ta mayar a hankali. Ta ce ta yi baƙin ciki, ta gode musu da lokacinsu, ta ce in sun ji labarin wata wadda ba a taɓa ba su tuna da ita. Ta shiga motarta ta tafi.

Ƙarar injin feshin Mai Fenti na tasowa daga bayan katanga. Auta ya zauna a kan wata tsohuwar taya, ya manta da gugar wandonsa. Ya kira dillali, aka ce masa layin na kan wani kira. Ya sake kira, ba a ɗauka ba. Ya ajiye wayar a cinya.

"Za a iya samun irinta," ya ce can. "Wurin masu fasa tsofaffin motoci. In na samo, sai ka cire wannan, ka ƙera mata kunnuwa irin na da. Kai ai ba abin da ya gagare ka. Kwana biyu ka gama, in kira matar nan kafin ta samu wata."

"A'a."

Auta ya ɗago. "Ba za a samu ba?"

"Wataƙila a samu. Ni ne ba zan yi ba."

"Yaya, fushi ka yi? Na san laifina ne, na yarda. Amma ka ga halin da nake ciki."

"Ba fushi na yi ba. Taso ka miƙo min gudumar can."

Yana nufin wadda ke rataye a ƙusa a jikin bango, daidai tsayin kan mutum. Auta ya taso ya ciro ta ya miƙa masa. Guduma ya karɓa da dama.

"To tsaya ka ga yadda zan mayar."

Ya ɗaga hannun. Ya tafi har ƙirji, ya ƙara kamar yatsa biyu, ya tsaya yana rawa. Gumi ya tsattsafo masa a goshi. Tsakanin gudumar da ƙusar akwai fiye da kamu ɗaya. Ya riƙe a haka har sai da Auta ya sa hannu ya karɓe.

"Tun yaushe?"

"Wata takwas. Matata ke sa min riga."

"Kuma ka yi aikin nan duka a haka."

"Da hagu, yawanci."

"Me ya sa ba ka faɗa min ba?"

Guduma ya nemi amsa ya rasa wadda ba za ta yi ciwo ba. Yana iya cewa ba a tambaye shi ba. Yana iya cewa ranar da bambar ta zame ta buge shi ai Auta na tsaye. Ya ga babu amfani, kuma ya gaji ƙwarai.

"Ga shi na faɗa," ya ce.

Auta ya rataye gudumar da kansa. Sannan ya ɗauki tsintsiya ya fara share farar ƙurar da ke ƙasa, abin da bai taɓa yi ba a garejin nan. Bai iya ba, tayar da ita kawai yake yi tana komawa kan motar. Guduma ya bar shi.

Ranar Litinin Auta ya kai shi asibiti. Aka ɗauki hoton kafaɗar, aka ce jijiya ce ta yage ta kuma daɗe a haka, aka rubuta masa gashin kafaɗa a asibitin sau biyu a mako, aka ce ya manta da guduma na wata shida aƙalla. Ya bar wa Mai Fenti rabin garejin ya riƙa ajiye motocin da ke jiran bushewa. Shi kuma yakan je da safe ya zauna a benci, in an kawo ƙaramin aiki ya nuna wa mai motar wani garejin a layi na gaba.

Auta bai nemo wata bambar ba. Motar ta yi mako bakwai a ƙofar gidansa da takarda manne a gilashi. Masu son tsohuwa suka ce an ɓata ta, masu son sabuwa suka leƙa ciki suka ga shekarunta. Daga ƙarshe wani mai ɗaukar hoto ya saye ta, bai ko nemi a tayar da injin ba. Auta ya samu aiki a shagon sayar da tayoyi na wani abokinsa, yana zuwa a motar haya, yana ƙorafin cunkoso.

Shagon mai hoton yana kan hanyar asibiti, don haka duk Talata da Alhamis Guduma na ganin motar ta tagar bas. An ajiye ta a kan dakali a ƙofar shagon, an goge ta tana ƙyalli, tayoyinta sun fara sacewa. Samari da 'yan mata sukan jingina da ita a ɗauke su, wasu su hau gabanta su zauna su harɗe ƙafa. Wata Alhamis bas ɗin ya tsaya a cunkoso daidai wurin, ya samu damar dubawa sosai. Gefen dama na bambar ya sauka da kamar rabin yatsa saboda zaman da ake yi a kai. Noti ɗaya ne ya saki, ya san ko wanne, aikin minti biyar ne da sufana mai lamba goma sha uku. Wata yarinya da jar jaka ta zo ta zauna daidai wurin, mai hoton ya ce ta ɗan karkato. Bas ɗin ya motsa, Guduma ya gyara zaman hannunsa a kan cinya, ya duba agogo ya ga saura minti ashirin lokacin gashinsa.